TARIHIN WATA FITILA: DAGA DINAMON KEKE ZUWA "OBASANJO YA KASA"

Da babbar Sallar da ta wuce na je gida Gumbin Kure, a ƙaramar hukumar Maiyama, kamar yadda na saba duk shekara in Allah Ya hore kuɗin mota. Muna zaune a zauren Yaya bayan la'asar, ƙaurin babbaka ya cika unguwa, sai autansa ya fito daga cikin gida riƙe da wani abu da ya tono a ƙarƙashin gadon uwarsa, duk ya yi ƙura, yana tambayar ko mene ne. Wani ɗan akwatin katako ne siriri, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, an kafa masa sanda, a kan sandar kuma an ɗaure faifan sidi mai huji tara. Ina ganinsa na yi kasaƙe. Yaya ya karɓa ya hure ƙurar, ya yi murmushi ya ce wa yaron, "Wagga fitila ita tac ci da gidanga shekara ukku, tun ba a haihe ka ba."

Yaya ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da shekara huɗu, kuma a ɗaki ɗaya muka tashi. Wannan fitila tasa ce ta sa na ajiye labarin soyayyar da nake rubutawa na ɗauko wannan. Ni ba injiniya ba ne, iyakata sakandare, saboda haka mai karatu kada ya sa ran jin lissafi mai zurfi. Abin da ya dame ni shi ne, duk sanda aka tashi ba da tarihin wutar lantarki a ƙasar nan daga sama ake faro shi, a kuma ƙare shi a sama: madatsar ruwa, ministoci, kamfanoni, biliyoyin kuɗi. Akwai wani tarihin a ƙasa, na yara masu kwance dinamo da masu gyaran rediyo a bakin kasuwa, shi kuwa babu mai rubuta shi.

Bari mu fara da na saman a gurguje, domin sai da shi na ƙasan zai fito. Turawan mulkin mallaka sun kunna injin wuta na farko a Ikko tun a ƙarshen ƙarni na 19. A 1951 hukumar wuta ta ƙasa mai suna ECN ta fara aiki, a 1962 aka kafa hukumar madatsun kogin Kwara, sannan a 1972 aka haɗe su biyun suka zama NEPA. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar Kainji. An tsara mata injuna 12, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da aka tare ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Borgu da ta Yawuri, aka tashi mutane sama da dubu 40 daga gidajen kakanninsu. Ka ga ke nan mutanen wannan yanki namu sun biya kuɗin wutar Nijeriya da gonakinsu da maƙabartunsu tun kafin su ga ƙwan lantarki. Daga Kainji aka ja babban layi mai ƙarfin bolt dubu 330 ya yi arewa har Birnin Kebbi, daga nan kuma a 1976 aka ja wani mai bolt dubu 132 ya tsallaka iyaka har Yamai. Wuta tana wucewa ta jiharmu tana zuwa wata ƙasa, mu kuwa a ƙauye, a ƙarshen shekarun 1980 da na yi wayo, aci-balbal ce da fitilar ƙwai. Ba na jin haushin mutanen Nijar a kan haka, 'yan'uwanmu ne, kuma kogin ta ƙasarsu ya biyo kafin ya iso mana. Na dai faɗi yadda abin yake ne.

To amma rashin turken wuta bai hana lantarki shigo mana ba. Ta aljihu ya shigo, a cikin batir. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, ga kuma Rima ta Sakkwato. Abin da ya sa talaka ya iya sauraronsu shi ne wani ɗan ƙanƙanin abu da aka ƙirƙira a Amurka a 1947, wato taransista, wanda ya mayar da rediyo daga ƙaton akwati mai neman wutar gida zuwa abin da makiyayi zai rataya a kafaɗa. Duk gidan da ke da rediyo kuwa yana da matattun batura, Berec ko Tiger Head, kuma a nan karatun yaran ƙauye ya fara. Mukan shanya mataccen batir a rana ya ɗan farfaɗo na dare ɗaya. Mukan fasa shi mu zaro baƙin sandan da ke tsakiya, mu shafa baƙin garin a allon makaranta. Ba mu san sunan komai ba, amma mun san cewa in ka jera batir uku kai da gindi ƙwan tocila ya fi haske, in ka jera shida ƙwan ya yi wal sau ɗaya ya mutu.

Injin samar da wuta na farko da na taɓa gani da idona kuwa a jikin keke yake. Baffa, mahaifin Yaya, yana da Rali mai dinamo, wadda yake ji da ita kamar amarya. Abin da ya hana Yaya barci shi ne, ta yaya ɗan ƙarfe mai siffar kwalba zai goga kansa a jikin taya ya haifar da haske, alhali babu batir babu kananzir? Wata rana Baffa ya tafi jana'iza a ƙafa, Yaya ya ɗauko filaya ya kwance dinamon, ni ina gadin ƙofa. Da ya buɗe bai sami komai a ciki ba sai mayen ƙarfe da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Ya juya, ya sake juyawa, ya ce lallai akwai abin da ya faɗi ƙasa ba mu gani ba. Muka share ɗakin kaf. Mayar da shi kuma ya gagara. Dukan da muka sha a daren nan har yau in na tuna sai na gyara zama, ni da ban taɓa ko da kusa ɗaya ba.

Sai bayan shekaru na karanta cewa babu abin da ya faɗi. Abin da ke ciki ke nan, kuma shi ne abin da wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya gano a 1831: in mayen ƙarfe ya motsa kusa da naɗin waya, wuta takan gudana a cikin wayar. Injunan Kainji ma haka suke aiki, sai dai su ruwa ne ke juya su, na Baffa kuma ƙafar Baffa. Abin da ya ƙara burge ni da Faraday shi ne ɗan maƙeri ne, bai yi karatu mai zurfi ba, yaron shago ne a wurin mai ɗinkin littattafai. A shagon ya riƙa karanta littattafan da aka kawo ɗinki, har ya ci karo da bayanin lantarki. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga dinamo Yaya ya koma motar kara da ta gwangwani. Kowane yaro yana yi, amma tasa tana da fitilun gaba masu kamawa, daga baya ma ya sami ɗan injin da ke juya kaset a cikin wata matacciyar rakoda ya ɗaura mata, ta riƙa tafiya da kanta a tsakar gida kaji suna watsewa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ta ce a kai yaron nan wurin malam a duba shi.

A lokacin an shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4, wanda aka fara a 1982, aka ce kowane yaro zai koyi aikin hannu a ƙaramar sakandare. Gwamnati ta sayo injunan koyarwa daga ƙasashen gabashin Turai ta rarraba wa makarantu, kuma sananne ne cewa da yawansu a cikin akwatunansu suka tsufa, saboda babu wutar da za ta juya su, babu kuma malamin da ya san kansu. A makarantar da muka yi, wadda ba sai na kama suna ba, ta tagar wani ɗaki muke leƙen akwatunan. Malaminmu mutumin kirki ne, yakan zana batir da waya a allo da alli, mu kwafa, mu haddace da Turancin da ba mu ji. Yaya ya yi aji uku ya ce shi ya gaji da zanen wuta, wutar yake so ya taɓa. Baffa ya yi faɗa har ya gaji, daga ƙarshe ya kai shi Jega wurin wani mai gyaran rediyo.

Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce tun zamanin fatake, kuma duk rediyon da ya mutu a ƙauyukan Maiyama da Aliero can ake kai shi jinya. Shagon maigidan Yaya bai fi ɗakin kaji girma ba. Gawarwakin rediyo ne jibge har rufi, domin a wannan sana'a ba a zubar da mataccen kaya, shi ne kantin kayan gyara. In babu wuta, a garwashin gawayi ake gasa ƙarfen liƙi a narka dalma. Mita guda ce, mai allura, an ɗaure ta da roba. Koyarwa kuwa babu ita a baki. Shekarar farko shara ce da sayo abinci, ta biyu kwance dunƙule, sai a ta uku za a bar ka ka taɓa ciki. In ka tambayi dalili sai a ce maka haka ake yi. Ba mugunta ba ce, shi ma maigidan haka ya koya a hannun wani Inyamuri, wanda shi ma da ido ya koya. Kayan gyara sababbi daga Anacha suke zuwa ko kasuwar Alaba ta Ikko ko Sabon Garin Kano, babu takardar bayani, in ma akwai da Turanci ce ko rubutun Sin.

A nan Yaya ya yi wani abu da ban ga darajarsa ba sai yanzu. Ya sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, duk rediyon da ya gyara sai ya zana cikinsa, ya rubuta cutar da maganin da Hausa. Da yake bai san sunayen kayan ba sai ya raɗa musu nasa. Taransista ya kira shi "ɗan ƙafa uku". Abin da ke tara wuta ya ajiye, mai kama da ƙaramin gwangwani, ya sa masa "rumbu". Wanda ke rage ƙarfin wuta, mai zobba kala-kala a jiki, ya ce masa "mai ɗamara". Da ya gano cewa launin zobban nan lissafi ne, kowane launi da lambarsa, sai da ya yi kwana biyu yana ba ni labari, ni kuwa a lokacin hankalina yana kan wata yarinya 'yar Aliero da nake rubuta wa wasiƙa. Ina ce masa "to, to," ba na ji.

Sai talabijin ta yawaita. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agusta na 1991 ma'aikata suka ƙaru, kuɗi suka ɗan zaga, ga kuma finafinan Hausa na kaset da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990. A ƙauye akan kunna ƙaramar baƙi-da-fari da batirin mota, a ɗora batirin a keke a kai gari caji. Gidajen kallo suka buɗe, masu gyara suka samu aiki. To a nan ne sana'ar ta nuna haƙoranta.

Rediyon batir ba ya kisa, iyakarsa bolt shida ko tara. Talabijin mai ƙaton baya kuwa wata dabba ce daban. Domin hoto ya fito a gilashinta, akwai wani naɗin waya a ciki da ke ɗaga wuta zuwa bolt dubu goma da 'yan kai a baƙi-da-fari, a mai kala kuma har wajen dubu 25. Wata jar waya mai kauri ce ke kai wannan wuta jikin kwalbar, an rufe bakinta da roba kamar kofi. Mugun abin shi ne kwalbar tana riƙe wutar ko bayan an kashe an zare soket, wani lokaci har kwanaki. Wata ranar kasuwa maigidan ya fita sallah, aka kawo wata mai kala, mai ita yana sauri. Yaya ya zare soket, ya buɗe baya, ya sa yatsa ya ɗaga robar nan. Waɗanda ke wurin sun ce ƙara suka ji kamar an karya busasshen kara, sai ga Yaya a waje cikin kwata, ya fasa ƙeya da bakin benci, hannunsa na dama ya yage a jikin ƙarfen akwatin. An ɗinke shi, ya yi sati biyu hannun yana rawa. Tabon yana nan.

Da maigidan ya dawo ya ga abin da ya faru, sai a ranar ya nuna masa yadda ake yi: a ɗaura waya a jikin sukudireba mai mariƙin roba, ɗaya bakin a jikin ƙarfen akwatin, a zura a ƙarƙashin robar har sai ta yi tsartsatsi ta huce. Ya kuma ce masa in zai taɓa wuri mai wuta ya sa hannu guda a aljihu, don kada ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan, ta bi ta kan zuciya. Magana ce ta minti biyu. Shekara uku yana shagon ba a faɗa masa ba, domin ba a saba faɗa ba sai abu ya faru. Daga baya na fahimci cewa Yaya ya yi arziki ne ma, domin wutar kwalbar duk da yawan bolt ɗinta 'yar kaɗan ce, fizga ɗaya take yi ta ƙare. Wutar soket ta gida, wadda ba ta fi bolt 230 ba, ta fi ta kisa, saboda ita ba ta ƙarewa, kama mutum take ta riƙe. Wanda kuma ya hau turke ya tunkari layin bolt dubu 11 ko dubu 33, ita ba ta ma jira a taɓa ta, tsallakowa take. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san gidan da aka yi irin wannan zaman makoki.

Yanzu mu zo kan fitilar. Abubuwa uku ne suka haɗu suka haife ta a tsakiyar shekarun 2000, kuma babu wanda ya shirya haɗuwarsu.

Na farko daga Japan ya taso. A 1993 wani injiniya mai suna Shuji Nakamura, yana aiki a kamfanin Nichia, ya fito da ɗan ƙwan nan da ake kira led mai shuɗin haske mai ƙarfi, wanda daga gare shi aka samu mai farin haske. A 2014 aka ba shi kyautar Nobel tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Kafin a kai ga kyautar, masana'antun Sin sun riga sun cika duniya da waɗannan 'yan ƙwayaye, ana sayar da su a ƙulle cikin leda kamar gyaɗa. Bambancinsu da ƙwan tocila na da shi ne ba sa ɓata wuta wajen yin zafi kamar yadda shi yake yi. Ƙwan tocila guda yana shan abin da led goma ko fiye za su sha.

Na biyu daga wurinmu ya fito, mu 'yan adabi da 'yan fim. Shekarun nan ne finafinan Hausa suka bar kaset suka koma faifan sidi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suna fitar da su buhu-buhu, ga na Indiya, ga na masu satar fasaha. Faifan kuwa bai da juriya, ya ɗan karce ya fara tsalle sai a jefar. Kowace bola tana ƙyalli.

Na uku shi ne duhu, wanda shi dama muna da shi, ga kananzir yana tsada yana ɓacewa.

Ban san wanda ya fara haɗa ukun nan ba a matsayin mutum guda, domin kusan lokaci ɗaya ta bazu ko'ina, Kudu da Arewa. Yarbawa suka sa mata suna mai ma'anar NEPA ta ji kunya, mu kuma aka ce "Obasanjo ya kasa". Yaya a Kano ya fara ganinta, ya zo raka ni wurin masu ɗab'i, ya tsaya a gaban wani mai shayi ya ƙura wa fitilarsa ido har mai shayin ya tsargu. Bai saya ba. Ya shiga Sabon Gari ya sayi ƙwayaye ƙulli biyu da waya, muka kwaso matattun faifai a shagon wani abokina, ya koma Jega.

Aikinta ba wuya, kuma a nan kyanta yake. A ƙusa katako huɗu a yi akwatin da zai ci manyan batura uku a jere, bolt huɗu da rabi ke nan. A yanko gwangwanin madara a yi mahaɗi a kowane ƙarshe. A gasa ƙusa a huda faifan, a zura ƙwayayen ta gefen mai ƙyalli, a haɗa dogayen ƙafafunsu wuri guda, gajerun wuri guda, domin led in aka juya masa ƙafa ba ya kamawa. Faifan shi ne madubin da ke watsa hasken. Yawancin masu yi a nan suke tsayawa, shi ya sa fitilunsu kan yi haske kamar walƙiya a satin farko sannan ƙwayayen su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, saboda farin led bai son abin da ya wuce bolt uku da ɗan kai. Yaya ya gane haka, sai ya riƙa ciro "mai ɗamara" daga gawarwakin rediyon nan yana sa wa kowace fitila guda. Tasa ba ta kai na wasu haske ba ranar saye, amma tana shekara. Da farko ya yi kwantai, mutane suna zaɓar mai kashe ido. Bayan wata uku masu shayi da masu tsire da masu tireda suka gane, suka riƙa nemansa har gida. Mata masu ƙosai, makarantun allo, 'yan albasa na Aliero masu lodin dare, kowa ya saya. Yara biyar ya ɗauka aiki. A cikin kuɗinta ya yi aure na biyu, wanda ni ban ba shi shawara ba.

Sunan fa? Ni a ganina akwai gaskiya a ciki, akwai kuma son kai irin namu. Gwamnatin Obasanjo ta hau a 1999 da alkawarin gyara wuta cikin ɗan lokaci, ta yi dokar sake fasalin harkar a 2005, NEPA ta koma PHCN, aka zuba kuɗi a sababbin tashoshi, har a 2008 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Ndudi Elumelu kan inda kuɗin suka shiga. Talaka bai jira rahoton kwamiti ba, ya yanke hukuncinsa ya rataya wa fitila. Amma duhun ya girmi Obasanjo, ya kuma rayu bayansa, kuma 'yan Arewa sun mulki ƙasar nan kafin shi da bayansa. Da kowane shugaba za a yi wa fitilarsa, da kasuwa ta cika.

Shekarar 2007, lokacin da fitilar take tashe, wasu abubuwa biyu sun faru da suka sa na riƙa auna Yaya da wasu. A Kano wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, mai shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, ya sa masa injin Honda Civic. Wata takwas ya yi yana aikin, da kuɗin da yake samu a gyaran kwamfuta da wayar hannu, kuma a intanet ya karanta yadda jirgin ke tashi. Ya ɗaga daga ƙasa, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai ba. Jaridun duniya suka ɗauka, mu kuma a majalisa rabi suna alfahari rabi suna dariya. A farkon shekarar kuma, a birnin Detroit na Amurka, kamfanin General Motors ya nuna samfurin motarsa mai lantarki, Chevrolet Volt, wadda Jelani Aliyu ya zana siffarta. Jelani Basakkwace ne, kuma a nan kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya samu tallafin karatu ya tafi Amurka a 1990. Daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023.

Ba ina cewa Yaya Jelani ba ne, kowa da baiwarsa. Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya wuce matakin motar kara a cikinsu, wani rubutu ya samu ya taka. Faraday ya samu littattafan shagon maigidansa, Mubarak ya samu intanet da Turancin karanta ta, Jelani ya samu makaranta. Ko yaron nan na Malawi, William Kamkwamba, da ya haɗa injin iska da dinamon keke a ƙauyensu a farkon shekarun 2000, a ɗakin karatu ya ga hoton abin a wani littafi. Yaya ya samu shagon da ba a bayani, da littafi guda wanda shi da kansa ya rubuta. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, tafiyar 'yan mintuna daga shagonsa, kuma ɗalibai sun sha zuwa ya naɗa musu taransifoma ko ya haɗa musu inbata ta aikin kammala karatu. Su suna da lissafin, shi yana da hannun. Su fita da takarda, shi a ba shi kuɗin goro.

Fitilar ba ta yi tsawon rai ba. Masana'antun Sin suka lura da kasuwar, suka turo tocila da fitilun roba masu led, masu batir da masu caji, da arahar da katako da ƙusa ba za su iya ja da ita ba. Kafin a sayar da kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013 ta riga ta ɓace daga teburan masu shayi. Talabijin mai ƙaton baya ma ta bi ta, rediyo ya koma cikin waya. Yaya ya koma gyaran caja da fanka da janareta, yanzu kuma sola. Da gobara ta cinye manyan taransifomomin tashar Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023, Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu, ga fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a watan Mayun shekarar, sai aikin ya yi masa yawa har yana gudun waya. Yaran da ke zuwa koyo wurinsa yanzu a waya suke kallon yadda ake komai, har da masu wasa da wuta mai tsalle irin ta naɗin da Nikola Tesla ya ƙirƙira a 1891. Suna ganin hannu yana yi, amma bakin mai bayanin Turanci yake ko Indiyanci, gargaɗin da ke ciki ya wuce su. Ya ce ya taɓa kama ɗaya yana ƙoƙarin ciro taransifomar cikin na'urar ɗumama abinci, wadda ke ba da bolt dubu biyu da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. A ranar bai jira shekara uku ba, ya zaunar da su duka ya nuna musu tabonsa.

A zauren nan na tambaye shi littafinsa mai shafi tamanin. Ya ce ai sun kai shida kafin ya daina. Na ce ina suke? Ya ce suna cikin wani kwali a tsohon shago, da damina ta yi ƙarfi wata shekara gara ta shiga, ko bango ba ta bari ba. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin ɓatan akuya. Ni ne na ji abin a ƙirji, domin a shekarun da gara take cin littattafan nan ni ina Kano ina biyan kuɗin buga labarin Alhaji da 'yan mata, har da mai kashi uku, kuma ko sau ɗaya bai zo mini ba in ce ya kawo a buga nasa. Na ce masa in zai iya tunawa ya riƙa faɗa ina rubutawa. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai da ba ka san ƙafar led doguwa da gajera ba? Sai dai ka zo shago ka yi shara tukuna."

Ya aiki autan ya sayo batura uku a tireda. Ya kankare tsatsar gwangwanin da wuƙa, ya jera su, ya murɗa wayar. A cikin tara huɗu suka kama. Yaron ya juya faifan yana neman sunan fim ɗin da ke baya, amma rubutun ya goge, sai rabin fuskar wata jaruma da muka yi ta gardamar ko wace ce har aka kira magariba.